Dandalin Olamfik na Munich: Filin da Aka Gina Don Ya Ƙaryata Berlin

A arewacin Munich, babban birnin jihar Bavariya da ke kudancin Jamus, akwai wani tudu mai ciyawa wanda tsayinsa ya haura mita 50. Ranar da gari ya washe, wanda ya hau ƙololuwarsa yakan hango duwatsun Alps can kudu. A gindinsa kuma akwai tafki, da hasumiya, da wata rumfa mai ƙyalli wadda ta lulluɓe manyan gine-gine uku kamar saƙar gizo-gizo. Baƙo zai ɗauka tudun halittar Allah ne, alhali gidajen mutane ne. Jiragen yaƙin Birtaniya da Amurka sun rusa kusan rabin gine-ginen Munich a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma bayan yaƙin aka shafe kimanin shekara goma ana kwaso ɓaraguzai daga cikin gari ana jibgewa a nan, har tulin ya zama abin da ake gani yau.

Wannan tudu shi ne ƙofar fahimtar Dandalin Olamfik na Munich, inda aka yi gasar 1972. Kusan kowane gini da ke cikinsa amsa ce ga tambaya guda wadda ta dami shugabannin Jamus ta Yamma a lokacin: yaya ƙasar da ta karɓi baƙuncin Olamfik a ƙarƙashin Hitler a 1936 za ta sake tara duniya ba tare da an tuna da waccan ba? Amsar da suka gina ta yi kyau, ta kuma ɗore fiye da yawancin filayen Olamfik na duniya. Amma a tsakiyar gasar ta gamu da jarrabawar da ba a shirya mata ba, kuma shekarun da aka ɗauka kafin a yarda a rubuta wannan a jikin dandalin suna cikin tarihinsa daidai da rumfar da tafkin.

Filin fareti, filin jirgi, juji

Sunan wurin na asali Oberwiesenfeld. Tun ƙarshen ƙarni na 18 sojojin Bavariya ke atisaye a kansa, daga baya ya zama filin saukar jiragen sama na birnin. A nan Firaministan Birtaniya Neville Chamberlain da takwaransa na Faransa Édouard Daladier suka sauka a watan Satumba na 1938, suka je suka sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa Hitler wani yanki na Chekoslobakiya. A 1939 aka mayar da jiragen fasinja sabon fili a Riem. Bayan yaƙi wurin ya zama kango mai faɗin kusan murabba'in kilomita uku, 'yan kilomitoci kaɗan daga tsakiyar gari. Ba kasafai babban birni ke samun irin wannan fili a kusa da cibiyarsa ba.

Munich kanta tana ɗauke da kaya mai nauyi. A cikinta jam'iyyar Nazi ta tsiro, a cikinta Hitler ya yi yunƙurin juyin mulkinsa na 1923, kuma 'yan Nazi sun yi mata laƙabi da babban birnin gwagwarmayarsu. Sansanin Dachau, wanda aka buɗe a 1933, bai kai tafiyar kilomita 20 daga Oberwiesenfeld ba. Saboda haka lokacin da shugaban kwamitin Olamfik na Jamus ta Yamma, Willi Daume, ya kai wa magajin gari Hans-Jochen Vogel shawarar neman gasar a ƙarshen 1965, dukansu sun san wane birni suke shirin nuna wa duniya. A ranar 26 ga Afrilu 1966, a birnin Rum, Kwamitin Olamfik na Duniya ya zaɓi Munich a kan Madrid da Montreal da Detroit. Alkawarin masu shiryawa shi ne gasa ta fara'a, a cikin korayen itatuwa, inda filayen wasa ke kusa da juna har a iya zagaya su da ƙafa.

Abin da suke gudu yana nan tsaye a Berlin har yau. Filin wasan 1936, wanda Werner March ya zana, an yi masa sutura da dutse, an jera shi a kan miƙaƙƙen layi guda tare da makeken filin fareti da hasumiyar ƙararrawa, a ƙarƙashin hasumiyar kuma akwai zauren girmama sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gini ne da ke sa mutum ya ji shi ƙanƙani ne a gaban hukuma. Duk abin da Munich ta yi, ta yi shi ne tana kallon wannan.

Rumfar da aka fara da safa

A gasar zanen da aka yi a 1967, ofishin Günter Behnisch na birnin Stuttgart ne ya zo na ɗaya. A ɗan ƙaramin samfurin da suka gabatar, rufin an yi shi ne da safar mata ta nailan wadda aka ɗame a kan tsinkaye. Alƙalan gasar sun so tsarin, amma sun yi shakkar ko za a iya gina rufi irin wannan a kan fili mai wannan girma, aka yi watanni ana muhawara kafin a amince. Wanda ya san sirrin aikin shi ne Frei Otto, wanda ya yi rumfar Jamus a baje-kolin duniya na Montreal a wannan shekara ta 1967, don haka aka jawo shi, tare da injiniyoyin ofishin Leonhardt da Andrä, cikinsu har da wani matashi mai suna Jörg Schlaich. Mutanen biyu da sunayensu suka fi fita a aikin duk tsofaffin sojojin Hitler ne: Behnisch ya yi aiki a jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa, Otto ya tuƙa jirgin sama na yaƙi, kuma dukansu sun yi zaman fursunonin yaƙi. A sansanin fursunoni kusa da Chartres a Faransa Otto ya fara koyon yin gini da kaya kaɗan.

Yadda rumfar ke tsayuwa abu ne da duk wanda ya taɓa kafa tanti zai gane. Ginin dutse yana tsayuwa ne da nauyinsa, kowane sashe yana danne na ƙasa da shi. Tanti kuwa ɗaurin igiya ke riƙe da shi. An saƙa raga da igiyoyin ƙarfe, kowane ido nata santimita 75, aka rataye ta a jikin dogayen turaku waɗanda mafi tsayinsu ya kusa mita 80, aka ɗaure bakinta da manyan igiyoyi a jikin tubalan kankare da aka binne a ƙasa. A ko'ina ragar tana lanƙwasa ta fuska biyu masu saɓa wa juna, kamar sirdin doki: idan ƙanƙara ta danno daga sama igiyoyin fuska ɗaya su riƙe, idan iska ta ɗago daga ƙasa na ɗaya fuskar su riƙe. Faɗin rumfar murabba'in mita 74,800, kuma lissafinta yana cikin manyan ayyukan gini na farko da aka dogara da kwamfuta wajen yin su. An lulluɓe ta da faifan roba mai kama da gilashi, saboda masu watsa gasar a talabijin mai launi ba sa son inuwa mai duhu ta raba filin biyu. Kuɗinta ya ninka ƙiyasin farko kusan sau goma, jaridu suka yi ta caccaka, amma aikin bai tsaya ba.

A ƙarƙashinta aka sa babban filin wasa mai ɗaukar mutum kusan 80,000, da zauren wasannin cikin gida, da zauren ninkaya. An haƙa ƙasa an kwantar da yawancin filin wasan a cikin kwari, ta yadda mai zuwa kallo ba ya tarar da bango a gabansa. Yana tafe a kan ciyawa sai kawai ya ga kujeru kore sun gangara daga ƙafafunsa. Babu miƙaƙƙen titin fareti a ko'ina. Günther Grzimek, wanda ya tsara lambun, ya gyara siffar tulin ɓaraguzan ya mai da shi tudu mai kwaruruka, aka faɗaɗa wani tsohon magudanin ruwa da ya taso daga fadar Nymphenburg ya zama tafki, aka bar hanyoyin ƙafa suna karkacewa. A ƙasar da aka saba ganin allon hana taka ciyawa a lambunan hukuma, nufin Grzimek shi ne mutane su taka, su zauna, su kwanta.

Hatta launuka an yi musu shari'a. Otl Aicher, wanda ya tsara alamomin gasar, ya zaɓi shuɗi mai haske, da kore, da ruwan azurfa, da ruwan lemo, ya kori ja da ruwan zinare domin launukan mulki ne. Shi ya ƙi shiga ƙungiyar matasan Hitler tun yana yaro, kuma matarsa Inge 'yar'uwar Hans da Sophie Scholl ce, ɗaliban jami'ar Munich da aka fille wa kai a 1943 saboda raba takardun adawa da gwamnatin Nazi. 'Yan hotunan mutum-mutumi da ya zana don nuna kowane wasa suna cikin kakannin alamomin da ake gani yau a filayen jirgin sama.

Abubuwa biyu sun riga wannan tsari zuwa wurin. Hasumiyar da ake kira ta Olamfik, mai tsayin mita 291, an fara ta a 1965 domin watsa shirye-shiryen talabijin, aka buɗe ta a 1968, sunan ne kawai ta samu daga baya. Zauren wasan ƙanƙara da ke kusa da ita kuma an buɗe shi a 1967. Akwai na uku wanda babu shi a takardar kowa. Wani Barashe mai suna Timofei Prokhorov ya iso Munich a 1952, shi da abokiyar zamansa Natasha suka tsinci katako da kwano daga juji suka gina bukka da ɗan ƙaramin coci ba tare da izinin hukuma ba, suka lulluɓe silinsa da takardar azurfa ta naɗin cakulan. Da aka zo tashinsu saboda gasar, mutanen gari da jaridu suka tsaya musu, masu tsarin suka kauce. Timofei ya ci gaba da zama a wurin har tsufansa, ya rasu a 2004, cocin kuma ya ƙone a watan Yuni na 2023.

Kwana goma na farko

Rigimar farko ta Afirka ce, kuma ta ɓarke tun kafin a kunna wutar gasar. Rodeshiya, Zimbabuwe ta yau, tana hannun gwamnatin tsirarun Turawa ta Ian Smith, wadda ta ɓalle daga Birtaniya a 1965. An shirya wata dabara ta barin tawagarta ta shiga da tsohuwar tutar mulkin mallaka da taken Birtaniya, har 'yan wasanta sun riga sun sauka a ƙauyen 'yan wasa. Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka, wadda ɗan Najeriya Abraham Ordia ke shugabanta, tare da ƙasashen nahiyar, suka ce idan Rodeshiya ta shiga su za su fita, wasu baƙaƙen 'yan wasan Amurka kuma suka mara musu baya. Kwana huɗu kafin buɗe gasa Kwamitin Olamfik ya janye gayyatar da ƙuri'a 36 a kan 31. Shugaban kwamitin, Ba'amurke Avery Brundage, bai yafe wannan kaye ba. Shi ne mutumin da a 1936 ya yi ruwa ya yi tsaki har Amurka ta ƙi ƙaurace wa gasar Hitler.

An buɗe gasa ranar 26 ga Agusta da ƙasashe 121 da 'yan wasa sama da 7,000, kuma kwanakin farko sun tafi yadda aka yi fata. A zauren ninkaya Mark Spitz na Amurka ya ci lambar zinare bakwai, kowacce da sabon tarihin duniya. A zauren wasannin cikin gida wata 'yar shekara 17 daga Tarayyar Sobiyet, Olga Korbut, ta sa miliyoyin masu kallon talabijin suka san wasan alkafura. A babban fili, ranar 2 ga Satumba, John Akii-Bua na Yuganda ya tsaya a layi na ɗaya na tseren mita 400 na tsallake shinge. Wannan layi shi ne mafi wuya, domin kwanarsa ta fi ta kowa tsanani. Ya gama a daƙiƙa 47.82, mutum na farko da ya sauko ƙasa da 48, ya ba ƙasarsa zinarenta na farko, sannan ya ƙi tsayawa, ya ci gaba da zagaya filin yana tsallake shingayen da ba a kwashe ba. Bai sami damar kare kambinsa ba, domin ƙasashen Afirka sun ƙaurace wa gasar Montreal ta 1976.

Ga mai karatu daga Yamai ko Kano, ginin da ya fi kusa da gida shi ne mafi ƙarancin ado a dandalin: zauren ƙanƙarar nan na 1967, wanda aka mayar zauren damben zamani a lokacin gasar. A cikinsa Issaka Dabore ya ci wa Nijar lambar tagulla a ajin kilo 63.5, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar, kuma ita kaɗai har tsawon shekara 44, sai da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a wasan taikwando a Rio a 2016. A zauren nan dai Isaac Ikhouria ya ci wa Najeriya tagulla a ajin kilo 81, ta biyu a tarihinta bayan ta Nojim Maiyegun a Tokyo a 1964, Prince Amartey kuma ya ci wa Ghana tata. Waɗannan lambobi sun zo ne a kwanakin ƙarshe, lokacin da gasar ta riga ta zama wani abu dabam.

Gida mai lamba 31

Ƙauyen 'yan wasa yana arewacin dandalin, an sa wa titunansa sunayen tsofaffin zakarun Olamfik. Titin Connolly ya ci sunan James Connolly, wanda ya fara cin gasa a Olamfik na zamani a 1896. A gida mai lamba 31 aka sauke wani ɓangare na tawagar Isra'ila.

Tsarin tsaro ya bi tsarin launuka. Masu shiryawa ba sa son duniya ta ga Bajamushe da bindiga yana gadin shingen waya, don haka aka zuba jami'ai kimanin 2,000 cikin tufafi masu launin shuɗi mai haske, ba makami a hannunsu. Shingen ƙauyen mita biyu ne, kuma 'yan wasan da suka yi dare a gari sun saba haura shi. Wani masanin halayyar ɗan'adam da ke aiki da 'yan sanda, Georg Sieber, ya rubuta musu hanyoyi 26 da masifa za ta iya zuwa. Ta 21 ta yi kama da abin da ya faru har abin tsoro. Aka ajiye ta, saboda shirya mata zai ɓata fuskar da ake son nunawa.

Da asubahin 5 ga Satumba, mutum takwas na ƙungiyar Falasɗinawa ta Black September suka haura shingen sanye da kayan motsa jiki, da makamai a jakunkuna. Ƙungiyar ta ɗauko sunanta ne daga yaƙin watan Satumba na 1970, inda sojojin Jodan suka murƙushe mayaƙan Falasɗinawa. Sun kashe mai horar da 'yan kokawa Moshe Weinberg da mai ɗaga nauyi Yossef Romano a cikin gidan, suka yi garkuwa da mutum tara, suka nemi a saki fursunoni sama da 200 da ke hannun Isra'ila. Gwamnatin Golda Meir ta ƙi. Tsarin mulkin Jamus ta Yamma, wanda aka rubuta da tunanin abin da soja ya yi a baya, bai ba rundunar soja damar yin irin wannan aiki a cikin gida ba, ƙasar kuma ba ta da runduna ta musamman, sai aikin ya faɗa hannun 'yan sandan Munich da na Bavariya. Aka ci gaba da wasanni har yamma ta kusa. Jama'a suka taru a kan tuddan da ke kallon ƙauyen. Talabijin, wadda saboda ita aka yi rumfar da roba mai haske, ta nuna 'yan sanda suna rarrafe a kan rufin gidan kai tsaye, maharan kuma suna da akwatin talabijin a ɗaki.

Da dare aka ɗauki maharan da waɗanda suke tsare da su a jirage biyu masu saukar ungulu zuwa sansanin jiragen soja na Fürstenfeldbruck, yamma da birnin. An tanadi maharba biyar ga mutum takwas, ba su da na'urar gani da dare, ba su da rediyon magana da juna. Wajen tsakar dare kakakin gwamnati ya shaida wa duniya an kuɓutar da kowa. Gaskiyar ta fito kafin wayewar gari: duka taran sun mutu, tare da ɗan sanda Anton Fliegerbauer da biyar daga cikin maharan. Ukun da suka rage an sake su ranar 29 ga Oktoba, bayan an sace wani jirgin Lufthansa. Isra'ila ta kai hare-haren sama a Siriya da Labanan cikin kwanaki, ta kuma shafe shekaru tana farautar waɗanda take zargi, har jami'anta suka kashe wani ma'aikacin gidan abinci ɗan Maroko, Ahmed Bouchikhi, a Norway a 1973 bisa kuskure.

Ranar 6 ga Satumba aka yi taron makoki a babban filin wasa. Brundage ya sanar cewa gasa za ta ci gaba, kuma a cikin jawabin ya jera kisan da korar Rodeshiya a matsayin hare-hare biyu da aka kai wa Olamfik. Wato a wurinsa ƙasashen Afirka da suka yi amfani da ƙuri'a da barazanar tafiya gida sun shiga sahu ɗaya da masu bindiga. Tawagogin Afirka suka nuna fushinsu, ya fito ya nemi afuwa.

Abin da ya rage bayan baƙi sun tafi

Yawancin filayen Olamfik sukan fara mutuwa ranar da aka kashe wuta. Na Munich ya rayu, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙauyen maza an gina shi ne tun farko a matsayin gidajen sayarwa da haya, motoci na bi ta ƙasa, masu tafiya da ƙafa ta sama. A shekarun farko an yi masa ba'a da cewa dajin kankare ne, yau kuwa mutum kusan 6,000 ke zaune a ciki, kuma samun gida a can sai da sa'a. Ƙananan ɗakunan ƙauyen mata sun zama masaukin ɗalibai, waɗanda aka ba izinin yi wa bangonsu fenti yadda suka ga dama. Zauren ninkayar da Spitz ya yi tarihi a cikinsa, kowa na iya biyan kuɗin ƙofa ya shiga. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda gasar ta gaggauta gininsa, yana sauke mutane a bakin dandalin. Ba komai ya tsira ba: an rushe filin tseren keke a 2015 aka gina sabon zaure a gurbinsa, tashar jirgin ƙasa da aka yi wa 'yan kallo kuma an rufe ta tun 1988, ciyawa ta cinye dogon.

Babban filin ya zama gidan ƙwallon ƙafa. A nan Jamus ta Yamma ta doke Holan da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1974, a nan kuma Holan ta ɗauki Kofin Turai a 1988 da ƙwallon nan ta Marco van Basten. A 1993 Abedi Pele na Ghana ya bugo kwana, Basile Boli ya sa kai, Marseille ta doke AC Milan ta zama zakarar Turai. Bayern Munich ta yi shekara 33 a filin. Sai dai masu kallon ƙwallo ba su taɓa son sa da zuciya ɗaya ba: hanyar tsere ta nisanta su da 'yan wasa, rumfar kuma rabin kujerun kawai ta rufe, sauran suna shan ruwan sama da sanyi. Da aka zo neman gyara shi don Kofin Duniya na 2006, sai aka ga gyaran da ƙungiyoyin ke so zai lalata ainihin siffar ginin. Shirin ya rushe a ƙarshen 2000, mutanen gari suka amince a ƙuri'ar raba-gardama ta 2001 a gina sabon fili, kuma a 2005 Bayern ta koma Allianz Arena.

A nan ne aka gane amfanin gina lambu kafin filin wasa. Filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas sa'an na Munich ne, a 1972 aka buɗe shi, ya karɓi gasar wasannin Afirka a farkon 1973, kuma shi ma manyan wasanni sun bar shi a kusan lokaci guda, bayan an gina na Abuja a 2003. Na Legas ya shiga shekarun lalacewa. Na Munich ya rasa Bayern amma bai rasa mutane ba, domin masu gudun safe da masu tura keken jarirai da mazauna ƙauyen ba saboda ƙwallo suke zuwa ba, kamfanin da ke kula da wurin kuma mallakar birnin ne, da kasafin gyara a wuyansa. A 2022 filin ya sake karɓar gasar guje-guje ta Turai. Idan babban mawaƙi ya zo, waɗanda ba su da tikiti sukan hau tudun ɓaraguzai su shimfiɗa bargo su saurara kyauta, kamar yadda dubun-dubatar mutane suka yi lokacin da Taylor Swift ta zo a watan Yuli na 2024.

Inda birnin ya yi nawa shi ne wajen mamatan 1972. Dandalin da ya yarda ya nuna ɓaraguzan yaƙi a tsakiyarsa ya daɗe bai sami wurin da zai ba da labarin 5 ga Satumba ba. Shekara da shekaru abin da ke akwai shi ne allon sunaye a ƙofar gida mai lamba 31. Sai a 1995 aka kafa wani dogon dutse mai mita goma, aikin Fritz Koenig, da sunayen mutum sha ɗaya da haruffan Ibrananci da na ɗan sandan da haruffan boko. Matan biyu daga cikin mamatan, Ankie Spitzer da Ilana Romano, sun shafe shekaru suna neman a buɗe takardun hukuma, ana ce musu babu, har aka gano akwai su da yawa. Kwamitin Olamfik bai yarda a yi shiru na minti ɗaya a bikin buɗe gasa ba sai a Tokyo a 2021. A 2022, ana saura kwanaki a cika shekara 50, iyalan suka yi barazanar ƙaurace wa taron tunawa, aka daidaita a kan diyyar Yuro miliyan 28, kuma ranar 5 ga Satumba Shugaba Frank-Walter Steinmeier ya tsaya a Fürstenfeldbruck ya nemi gafara a madadin ƙasarsa, saboda rashin kariya a lokacin da kuma rufa-rufar da ta biyo baya.

Wurin tunawa na sosai an buɗe shi ne ranar 6 ga Satumba 2017, shekara 45 bayan abin, kuma shi ma sai da aka sauya masa mazauni saboda mazauna ƙauyen sun ƙi a taɓa wani tudu da yaransu ke wasan sulu a kai idan ƙanƙara ta sauka. Masu zanen sun yanka wani ƙaramin tudu a kwance, suka bar ciyawar samansa a matsayin rufi, a ƙarƙashi aka sa tarihin rayuwar mutum goma sha biyun ɗaya bayan ɗaya, da allon da ke nuna hotunan ranar. Ba shi da ƙofa, ba shi da mai karɓar tikiti. Gida mai lamba 31 kuwa yana hannun cibiyar binciken kimiyya ta Max Planck, wadda ke sauke baƙin masana a ɗakunansa.